Gangarar da Na Sauka a Firi

Ni dai tun farko ban yarda da motar da ba ta tari ba. Rabin rayuwata a kan sitiyari na yi ta, ina raba burodi shago-shago da tsohuwar motar gidan burodin unguwarmu, kuma duk abin da na sani game da mota da kunne na koye shi. In ta yi tari da safe na san sanyi ne, in ta yi gurnani a hawa na san nauyi ya yi mata yawa. To sai ga Auta, 'yata ta ƙarshe, ta aro motar lantarkin kawunta, fara sol, ta tsaya a ƙofar gida ban ma ji zuwanta ba. Kazar maƙwabta da ke kwance a wurin ko kai ba ta ɗaga ba.

Auta ƙyanƙyasar kifi take yi a bayan gida, a inda mamanta ke shanya a da. Ta jera tankunan roba, ta cika su da 'ya'yan karfasa ƙanana kamar yankan farce, tana sayar wa masu ƙananan kududdufai kaɗan-kaɗan. Sai kwatsam wata mata mai babbar gonar kifi a can bayan tsaunuka ta kira ta. Ta ce a kawo mata cike da tanki biyu ta gwada. In sun iso da rai, daga yanzu wurin Auta za ta riƙa saye. In sun iso ciki sama, ta koma wurin mutuminta na da, ba faɗa ba gaba. Tafiyar kuwa ta yini guda ce cur, kuma karfasa ba ta da juriyar tarwada. Iska ta yanke mata na ɗan lokaci, sai dai a tsince ta a saman ruwa.

Shi ya sa Auta ta nace sai motar kawunta. Akwai soket a cikinta irin na bangon ɗaki, inda za ta jona ɗan injin da ke hura iska a ruwan. Ni na sa masa suna mai kumfa. Muddin yana ƙara, kifi na numfashi.

Na ce ba inda za ta je ita kaɗai. Na kawo maganar hanya, na kawo maganar taya, na kawo maganar cewa ko wayata ba ta kai la'asar da caji, balle mota. Mamanta ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wa Auta ta taimaka ta tafi da ni, don in na zauna a gida zan yi ta zagaye tsakar gida har in haƙa rami. Ta haɗa mana shayi a filas da dafaffen ƙwai. Ni kuma na ɗauko tsohuwar igiyata ta jan mota daga ƙarƙashin gado na cusa a but. Auta ta gani, ta ce me za a yi da wannan. Na ce ba ta cin abinci.

Mun kama hanya da sassafe, tankuna biyu a kujerar baya an ɗaure su tam, mai kumfa yana ta ɓul-ɓul. Gaskiya motar tana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma idona bai bar lambar cajin batir da ke kan allon motar ba. Duk sanda ta ragu da ɗaya sai in sanar da Auta, ko da ba ta gani ba. Can ta ce, "Baba, ko dai in rufe allon da hularka?"

A wurin caji na farko na fita in duba mai da ruwa kamar yadda na saba. Na ɗaga murfin gaba, na tarar da wani fanko kamar akwatin tufafi, ba inji ba komai. Na tsaya ina kallonsa. Wani mutum da ke caji a gefenmu ya ce mini shi takalmansa yake ajiyewa a ciki. Na rufe a hankali, na koma na riƙe wayar cajin da hannu biyu, don kada ta zame. Auta ta ce ba ta zamewa. Na ce na sani, hannuna ne ba shi da aiki.

Daga nan ta ba ni tuƙi a miƙaƙƙen titi don in saba. Ba kuloci, ba sandar giya, sai maɓallai uku a gefen sitiyari, na gaba, na baya, da na firi a tsakiya. Ƙafata ta hagu ta yi ta taka iska tana neman kuloci. Amma kafin rana ta yi tsaka na fara jin ta a jikina, har na ɗora gwiwar hannu a taga.

Wurin caji na ƙarshe yana gindin tsaunin, kuma na'urar wurin mai sanyin jiki ce, ga layi. Auta ta duba kifinta, ta duba rana, ta ce ba za mu jira ta cika ba. Ta yi mini wani dogon bayani a kan hawa da sauka, tana nuna allo da yatsa. Ni kuwa na buɗe murfin tanki na ga wani ɗan kifi ya karkace gefe guda, hankalina duk ya koma kansa. Abin da na tsinta a maganarta kawai shi ne kada lambar ta tsorata ni a saman tsauni, za ta dawo. Na ce to. Na ɗauka irin maganar da ake yi wa tsoho ce don ya yi shiru, kamar yadda ake ce wa mai sanƙo gashi zai fito.

Hawan nan ya ci batir kamar ba gobe. Muna murɗa kwana lambar na zubewa, ni kuma ina ta addu'a a zuci. Da muka kai sama saura kashi goma sha tara cikin ɗari. Auta ko a jikinta. Ta yi hamma, ta ce tun asuba take kwasar kifi, idonta ya fara rufewa. Ta ce in karɓa, gangara ce kawai har ƙasa, in ɗaga ƙafa daga totur motar za ta yi sauran. Ta kwantar da kujera, ta rufe fuska da mayafi. Kafin mu sha kwana ta biyu ta yi nisa a barci.

Na dubi lambar, na dubi yarinyar, na dubi tankunan a madubi. Ga gangara a gabana doguwa, tana lanƙwasa har inda ido ya ƙare. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai na ji motar tana riƙe kanta, kamar wani yana jan ta ta baya. Na ce a raina lalle wannan riƙon ba a banza take yin sa ba, wuta take ci.

A gidan burodi, maigidanmu da awo yake zuba mana mai, kuma duk direban da ya san kansa ya san abin da ake yi da gangara. Ka zare giya, ka sa ta a firi, ka bar ƙasa ta ja ka kyauta. Da wannan dabarar na yi suna, har sabbin direbobi ake turo mini in koya musu. Na miƙa yatsa a hankali don kada Auta ta farka, na danna maɓallin tsakiya.

Motar ta saki jiki, ta sulale kamar sabulu a hannu. Na riƙe ta da birki, ina taka shi ina saki. Kwana bayan kwana lambar ba ta motsa ba. Wani daɗi ya kama ni. Na fara shirya yadda zan ba da labarin a gida, yadda boko ya yi barci tsohon hannu ya ceci tafiya. Da muka kusa ƙasa wani ƙauri ya fara shigowa, ƙaurin birki da ya sha wuya. Wallahi har murmushi na yi, don tun safe wannan ne karo na farko da motar ta yi warin mota.

Ƙaurin ne ya tashe ta. Ta yaye mayafi, ta ga fili shimfiɗe a gabanmu, tsaunin yana bayanmu.

"Baba, har mun sauko?"

"Mun sauko. Duba ki gani, ɗaya tak ta ragu, shi ma mai kumfa ne ya sha."

Ta dubi lambar, ta dubi maɓallin da ke haske. Ta ce in tsaya a gefe. Na tsaya. Ta dafe kai da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane dariya take ko kuka. Ina jin duka biyun ne.

Da ta samu numfashi ta sake yi mini bayanin gindin tsauni, wannan karon na saurara. Riƙon da na ji motar tana yi, ashe caji take. In tana gangara a giyar gaba, tayoyin ne ke juya injin, injin kuma ya mayar da wuta cikin batir. Gangarar nan ita ce gidan man da ta yi lissafi da shi. Da na bar ta yadda take, da yanzu muna da talatin da wani abu. Ni kuwa na zare giya, na ƙona duk wutar a birki, har ina jin daɗin warinta.

Na tambaya ko sha takwas ɗin ba za ta kai mu ba. Ta ce wurin caji na gaba yana bayan babbar gada, motar za ta iya rarrafawa ta kusa kaiwa. Amma da zarar lambar ta sauka ƙasa da goma, motar da kanta take yanke soket don ta tsira da ranta. Mai kumfa zai yi shiru tun muna tsakiyar daji, cikin wannan rana.

Na juya na kalli tankunan. Suna ta ɓul-ɓul abinsu, ba su san abin da na yi musu ba.

Na ce to mu koma sama mu sake saukowa, wannan karon ba zan taɓa komai ba. Ta ce hawa ya fi sauka ci. Na ce zan cire bututun in riƙa hurawa da baki. Ta ce tanki biyu ne, bakina ɗaya. Ba ta yi mini faɗa ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi faɗan zafi.

A gaba kaɗan akwai wata rumfa inda manyan motoci ke tsayawa birkinsu ya huce, da mai shayi da mai faci. Muka lallaɓa can. Mai faci yana da ɗan janareta, ya ce mu jona, amma Auta ta ce da wannan sai gobe war haka, ruwan tankin kuma ba zai kai gobe ba. Ta kira kawunta. Ina jin dariyarsa tana fitowa daga wayar tun daga inda nake tsaye, don surukin nan nawa bai taɓa barin damar yi mini dariya ta wuce shi ba. Da ya gama ya ce mata mota ba ta san bambancin gangara da ja ba. Duk abin da zai juya tayoyin tana giyar gaba, caji ne. A samu babbar mota ta ja ta, amma a hankali, kuma a sa ido a allo, in ta nuna zafi a tsaya.

Auta ta sauke wayar, ta dube ni. "Baba, igiyar nan da ba ta cin abinci, tana nan?"

Na je na buɗe but.

Neman mai ja kuwa aikina ne. Na zaga cikin direbobin, na zaɓi wani ƙato mai tawul a wuya, yana shan shayi a inuwar motarsa ta siminti da ta sauke kaya. Na gaishe shi gaisuwar 'yan hanya, na tambayi birki, na tambayi iyali, sannan na faɗa masa damuwata ban rage komai ba, har da firin. Ya ajiye kofi ya ce shi ma da firin zai sa. Ya ƙara da cewa wanda ya ƙera motar da ke ƙoshi a gangara bai kyauta wa tsofaffin direbobi ba, da ya sanar a rediyo. Nan take na ji ina ƙaunar mutumin. Ya leƙa tankunan, ya ce waɗannan ƙwayoyin ne ake wa wannan hidima. Sannan ya ce hanyarsa ce, mu ɗaura.

Na kwanta a ƙasa na ɗaura igiyar da kaina, ƙulli irin wanda ba ya kwancewa sai an so. Na tashi na kakkaɓe riga na nufi kujerar direba, don a unguwarmu ba wanda aka ja a hanya kamar ni. Auta ta riga ni dafa ƙofar. Ta ce akwai abin da za ta riƙa dannawa a bayan sitiyari don ƙara riƙon motar ko rage shi, ga allo da za a kula da shi, kuma ni na yi nawa tuƙin na yau. Mai siminti shi ma ya ce yana buƙatar mutum a gefensa da zai riƙa duba madubin dama.

Wato in bar 'yata ita kaɗai a mota, ɗaure da igiya a bayan babbar mota. Na tsaya ina jujjuya hula. Na ce mata kada ta bar igiyar ta taɓa ƙasa, idonta a kan jan fitilarsa, in ya taka ta riga shi takawa, in ya saki kada ta yi gaggawa. Na faɗa sau uku. Ta ce ta ji tun na farko, wannan karon a gidanmu akwai mai sauraro.

Na hau gaban motar simintin, muka ɗaga. Igiyar ta miƙe, farar motar ta biyo mu shiru kamar akuyar da aka saya a kasuwa. Na manne fuskata a madubi. Duk sanda ya ƙara giya sai in ce a hankali. Da na faɗa ya fi a ƙirga, ya ce in ban yi shiru ba akwai sauran igiya, zai ɗaura ni a baya in bi 'yata da ƙafa.

Can ya fara ƙorafi wai motar nan ƙarama tana ja kamar an loda mata duwatsu. Na ce ai cin abinci take. Sai ga hannun Auta ya fito ta taga, ta ɗaga yatsu biyu, sannan ta dunƙule. Ashirin. Na faɗa masa. Ya ce ƙarya ne. Da ta nuna ashirin da uku shi ne ya fara tambayata, yanzu nawa, yanzu nawa, har yana leƙo madubina yana barin hanya. Na ce ya duba gabansa, ni zan duba baya.

Gara da na faɗa. Muna fitowa daga wata kwana sai ga shanu sun cika titi. Ya taka birki da ƙarfi, motar ta yi tsaki, ni kuwa na ga igiyar ta saki ta kwanta a kwalta, farar motar tana matsowa. Sai na ga gabanta ya ɗan duƙa, ta tsaya cak, saura taku kaɗan. Shanun suka gama wucewa a natse. Da muka sake ɗagawa ba ta bari an fizge ta ba, ta biyo a hankali har igiyar ta tashi daga ƙasa ta miƙe ba ko girgiza. Ni kaina ban fi haka iyawa ba. Hannunta ya fito ta taga ya yi mini alamar in kwantar da hankali.

Mai siminti ya ce, "Wa ya koya mata?"

Na ce ni ne, ɗazu.

Daga nan ban ƙara ce masa a hankali ba, sai sau biyu.

Mun kwance igiyar a kusa da gadar, lambar ta haye talatin, mai kumfa bai yi shiru ko sau ɗaya ba. Mai siminti ya sauko ya sake leƙa tankunan, wannan karon da fuskar mai hannun jari. Ya nuna wani ɗan kifi ya ce wannan nasa ne, in ya girma a ajiye masa. Ya karɓi lambar wayar Auta, ya karɓi sauran ƙwanmu, ya tafi yana danna mana ham.

Mun ɗan ƙara caji a bayan gada, muka isa gonar rana ta yi sanyi. Mai gonar dattijuwa ce doguwa cikin takalmin roba har gwiwa, ba ta da yawan magana. Ta sa aka sauke tankunan a bakin kududdufi, ta riƙa zuba ruwan gonarta a ciki kaɗan-kaɗan don su saba. Sannan ta ɗauko rariya ta tsame waɗanda suka juya ciki sama. Na matso ina leƙe. Duka ba su cika tafin hannunta ba. Na duba ko ɗan karkataccen nan na gindin tsauni yana cikinsu, ban iya gane shi ba, don haka na yanke cewa ya warke.

Aka karkata tankunan, suka bazu cikin ruwa kamar an watsa allurai. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa Auta wata mai zuwa ta kawo tanki huɗu. Ta nuna ni da haɓa ta tambaya ko direbanta ne.

Auta ta ce, "Babana ne. Shi ya kawo igiya."

Ba ta faɗi sauran ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita hira ba.

Mun kwana a garin. Washegari da muka hau saman tsaunin daga wancan gefen, Auta ta tsaya ta fita ta ce in karɓa. Kafin in zauna ta ciro filastar ciwo daga jakarta ta manne a kan maɓallin tsakiya. Na ɗaga ƙafa daga totur, motar ta riƙe kanta, muka fara sauka. Lambar ta ƙaru da ɗaya, ta sake ƙaruwa. Duk sanda ta ƙaru sai in sanar da Auta, ita kuma ba ta ce za ta rufe allon ba. Abin da ya ɗan sosa mini rai kawai shi ne tuna yawan gangarar da na sauka a rayuwata, ba wadda ta taɓa mayar mini da ko cokalin mai.

Na tambaye ta ko wata mai zuwa za ta buƙaci ɗan rakiya. Ta ce tanki huɗu za su cinye har kujerar gaba, ba wurin zama. Da muka wuce lanƙwasa biyu na ce to ta bar igiyar a but, kuma ta kira ni in ta kai saman tsauni. Ta ce za ta kira. Na ce da gindinsa ma.